Idan Aka Tashi Tsuke Bakin Aljihu, Me Ya Sa Ake Farawa Da Makaranta?



A watan Disamba na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya tsaya gaban Majalisar Tarayya ya gabatar da kasafin kuɗin 2025, na naira tiriliyan 49 da ɗoriya. A ciki aka ware wa ilimi kimanin tiriliyan 3.5. Da shekara ta zagayo, a Disamban 2025, ya koma ya gabatar da na 2026. Jimillar kasafin ta haura tiriliyan 58, amma kason ilimi yana nan inda aka bar shi, kimanin tiriliyan 3.5. Wato daga naira 7 cikin kowace naira 100 da gwamnatin tarayya ta yi niyyar kashewa, an sauko zuwa naira 6.

Babu ministan da ya fito ya ce an rage kuɗin ilimi, kuma ba za ku ji hakan daga bakin kowa ba. A ƙasar nan ba kasafai ake zaftare kuɗin makaranta da rana tsaka ba. Barin sa ake yi a tsaye, tsadar kaya ta cinye shi. Ku yi lissafin tare da ni. A kasafin 2023 an ba ilimi kusan tiriliyan 1.8, a lokacin da gwamnati ta ƙiyasta dala a kan naira 435. Wannan ya kama dala biliyan 4. A kasafin 2025 an ƙiyasta dala a kan naira 1,500, don haka tiriliyan 3.5 ɗin nan bai kai dala biliyan 2 da rabi ba. A takarda kuɗin ya ninka, a kasuwa ya kusa rabewa biyu. Duk wanda ya sayi buhun siminti a farkon 2023 kuma ya koma sayen wani yau ya san abin da nake nufi. Da siminti ake gina aji, da kwano ake rufe shi, takardar da ake buga littafi kuwa yawancinta daga waje ake shigo da ita.

A cikin wancan kasafi na 2025, abin da aka ware don biyan bashi ya kai tiriliyan 15.8, ninki huɗu da rabi na abin da aka ba ilimi. Alhali kuwa ƙasashen duniya, har da tamu, sun amince a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 cewa ya kamata ilimi ya samu kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa. Ana yawan ambaton kashi 26 a tarukanmu, to amma ko wannan 15 ɗin, wanda shi ne a rubuce, gwamnatin tarayya ta yi shekaru ba ta kai kusa da shi ba. A watan Yuli na 2021, a taron ilimi na duniya da aka yi a Landan, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin ƙara kuɗin ilimi da rabi cikin shekara biyu, ya kuma ninka shi kafin 2025. Lambobi sun hau, gaskiya ne. Amma ku tambayi kowane hedimasta ko abin da ke isowa hannunsa ya ninka.

Akwai kuma lokacin da aka yi yankan a fili, kuma ina so mu riƙe shi, domin ya nuna wanda ake fara sadaukarwa idan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A 2020 annobar korona ta karya farashin ɗanyen mai, gwamnati ta sake fasalin kasafin shekarar. A daftarin da ta kai majalisa, kuɗin Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya, wato UBEC, ya faɗo daga naira biliyan 111 zuwa biliyan 51. Fiye da rabi ke nan ya tafi. A daftari ɗaya, kuɗin ita Majalisar Tarayya kashi 10 kacal aka taɓa, daga biliyan 128 zuwa 115. Jami'an gwamnati suka kare kansu da cewa doka ce: kuɗin UBEC kashi 2 ne cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, in kuɗin shiga ya ragu dole shi ma ya ragu. To ai dokar ta 2004 cewa ta yi kada ya gaza kashi 2. Ba ta hana a ƙara ba. Da an ga dama da an cike giɓin daga wani wuri, musamman a shekarar da makarantu suka yi watanni a rufe, 'ya'yan masu hali suna karatu ta kwamfuta a gida, 'ya'yan talakawa suna gararamba a titi. Wannan shekarar ce aka fi buƙatar kuɗin dawo da yara aji, kuma ita ce aka zaɓa aka yanke.

Yanzu mu bar Abuja, mu bi sawun kuɗin nan zuwa inda rashinsa yake sauka.

Ku shiga firamaren gwamnati da ke unguwarku da misalin ƙarfe tara na safe. Aji ɗaya, yara sun haura ɗari, na gaba gwiwarsu na gogar bango a ƙarƙashin allo, na baya sun cika bakin ƙofa. Babu benci, ko kuma akwai guda huɗu da manyan yara suka kame. Sauran suna ƙasa, a kan simintin da ya farfashe ya koma turɓaya, kowa ya ɗora littafinsa a cinya yana rubutu. Allon bango ne da aka shafa wa baƙi, ya koɗe har alli ba ya fitowa sosai, allin kuma malama ce ta saya da kuɗinta a hanya. Ajin da ke kusa iskar farkon damina ta yaye masa rufi shekara biyu da suka wuce, shi ya sa aka gwama aji biyu wuri guda. In hadari ya haɗo, sai a tashi yara. Banɗaki babu, ko akwai amma ya cika, don haka yarinyar da ta fara girma takan yi zamanta a gida kwana huɗu ko biyar kowane wata. Malamar nan minti talatin da biyar take da shi. Ko da ta duba littafin yaro ɗaya cikin daƙiƙa ashirin, kafin ta zagaye ajin an kaɗa ƙararrawa. Yaron da bai gane haɗa baƙi da wasali ba, haka zai wuce aji biyu, ya wuce aji uku, ya isa aji shida bai iya karanta sunan garinsu ba, kuma babu wanda ya lura, domin babu mai lokacin lura.

Kada wani ya ce na ƙara gishiri. Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, da bakinsa ya faɗa a watan Yuni na 2024, ranar da ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, cewa ɗalibai sama da miliyan 4 a jihar a ƙasa suke zama, kuma akwai ɗaruruwan makarantu masu malami ɗaya tak. Waɗannan fa su ne suka yi sa'a suna cikin aji. Asusun UNICEF ya ce yara miliyan 18.3 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, kuma mun san yankin da ya fi yawansu. Namu ne, Arewa.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan batu shi ne yadda ake kiran ragin da sunan tsimi. Kuɗin da gwamnati ta ƙi kashewa ba ɓacewa yake yi ba, komawa yake yi kan iyaye. Alli dole a saye shi, jarrabawa dole a buga ta, mai gadi dole a biya shi. Sai ka ji an ce kuɗin PTA, kuɗin jarrabawa, kuɗin katin sakamako, kowa ya zo da tsintsiya, kowa ya kawo ɗari biyu za a gyara famfo. Ba na ganin laifin hedimasta, domin makaranta aka danƙa masa ba a haɗa masa da ko sisi na tafiyar da ita ba. Amma ga magidancin da ke da yara bakwai, yana dako a kasuwa ko yana tura baro, ɗari biyu sau bakwai abincin yini ne. Idan ya zauna yin zaɓi, ku da ni mun san wadda za a fara cirewa. Yarinyar ce. Za a ɗora mata farantin talla, bayan shekara biyu ko uku a yi mata aure, sannan a zo taro a otal a ce mutanen Arewa ba sa son karatun 'ya'ya mata. Dokar 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Gwamnatin da ta hana wannan karatu kuɗi ita ta fara karya dokar, tun kafin uban da ya cire 'yarsa.

Ga abincin makaranta ma. Duk malamin ƙauye zai gaya maka yadda aji ke cika a ranar da aka san za a raba abinci. A Janairun 2024 aka dakatar da shirin ciyar da ɗalibai na tarayya tare da sauran shirye-shiryen tallafi, saboda zargin almundahana a ma'aikatar jin ƙai. Manya ake zargi, amma kwanon yara aka kife. A wannan shekarar kuma aka rage alawus ɗin ɗalibanmu da ke karatu a ƙasashe irin su Maroko da Rasha da Aljeriya a kan tallafin gwamnati, daga dala 500 a wata zuwa 220, suna tsakiyar karatu a ƙasar da ba su da kowa.

Amsar da ake ba mu kullum ita ce babu kuɗi. Ni ban yarda ba. A ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, aka sayo wa 'yan majalisar tarayya manyan motoci, waɗanda rahotanni suka ce kowace ta kai kimanin naira miliyan 160. A Yunin 2024 aka buɗe sabon gidan mataimakin shugaban ƙasa da ya ci naira biliyan 21. Na san wani zai ce ko an tattara waɗannan duka ba za su gyara makarantun ƙasa ba. Haka ne. To amma suna nuna mana cewa in ana son abu, ana samo kuɗinsa. Kuma da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, cewa aka yi za a karkatar da kuɗin zuwa ilimi da lafiya da ayyukan raya ƙasa. Talaka ya cika nasa ɓangaren, yana biya a gidan mai da tashar mota kowace safiya. Yana da haƙƙin ya ga canjin a makarantar ɗansa.

Kada kuma gwamnoni su laɓe a bayan Abuja. Firamare da ƙaramar sakandare nauyin jihohi ne da ƙananan hukumomi, kuma tun bayan cire tallafin nan kason da suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Tsarin UBEC mai sauƙi ne: jiha ta ajiye naira ɗaya, tarayya ta ɗora mata naira ɗaya. Duk da haka hukumar ta sha fitowa tana kukan cewa gomman biliyoyin naira suna jibge a asusunta, jihohi sun ƙi kawo nasu kason balle su ɗauka. Gwamnan da ya bar irin wannan kuɗi a kwance, yara suna zaune a ƙasa a jiharsa, ya zaftare kuɗin ilimi ko da bai taɓa alƙalami ba. Kano ta ware kusan kashi 30 cikin 100 na kasafinta ga ilimi a 2024, ta ƙara zuwa 31 a 2025, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai warewa daban, sakin kuɗi daban. Sau da yawa a jihohinmu albashi ne kawai ke fita cikakke, kuɗin gini da gyara da kayan aiki kuwa sai shekara ta ƙare ba a saki ko rabinsa ba, a sake kwafe shi a kasafin baɗi. Shi ya sa idan gwamna ya ce na ware kaza, tambayar da ta dace ita ce, ranka ya daɗe, nawa ka saki?

Mun taɓa bin wannan hanya, mun kuma ga inda ta kai mu. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, wato UPE, aka cika ƙauyuka da makarantu, aka ɗebi malamai. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, sannan shirin SAP na Janar Babangida ya zo a 1986 da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, makarantun nan ne suka fara ji a jikinsu. Malaman firamare suka riƙa yin watanni ba albashi, nagartattu suka gudu zuwa wasu sana'o'i, malaman jami'a suka tsallaka ƙetare. Daga nan ne duk mai ɗan hali ya fara kwashe 'ya'yansa zuwa makarantar kuɗi, har muka iso yau da da wuya ka samu kwamishina ko ɗan majalisa da ɗansa ke firamaren gwamnati. Masu riƙe da almakashin ba su da kowa a cikin ajin. Mu kuwa a Arewa ba mu da rarar da za mu yi asara. Yammacin ƙasar nan ya fara ilimin firamare kyauta tun 1955 a zamanin Awolowo. Sardauna ya san tazarar da ke tsakani, shi ya sa ya dage a kan kwalejojin horon malamai da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Manomin da yunwa ta sa ya dafa irin shukarsa ya ci, ya ƙoshi yau, amma damina za ta same shi hannu rabbana. Hanya in ba a yi ta bana ba, ana iya yin ta baɗi. Yaron da ya kai shekara shida bana, ba zai tsaya yana jiran farashin mai ya tashi ba.

Ku tuna da makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, sama da 150, aka buɗe ta farko a Gagi da ke Sakkwato a 2012. An kashe biliyoyi a gini, ba a tanadi kuɗin abinci da albashi da gyara na shekara da shekaru ba. Da yawansu yanzu sun zama kufai, almajiran da aka gina dominsu suna nan da robobinsu a bakin tasha.

To shin ana iya hana irin wannan yanka? Ana iyawa, kuma an yi kwanan nan. Asusun TETFund, wanda kusan duk wani sabon ɗakin lacca ko ɗakin gwaje-gwaje da ka gani a jami'a ko kwalejin ilimi ko foliteknik ta gwamnati yake ɗauke da sunansa, ba kyautar wata gwamnati ba ne. Ya samo asali ne daga yajin aikin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi a 1992 ƙarƙashin Attahiru Jega, wanda ya haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, inda kamfanoni ke biyan wani kaso na ribarsu. A ƙudurin gyaran haraji da aka kai majalisa a ƙarshen 2024, an tsara a janye wa TETFund kasonsa a hankali, daga 2030 ya koma ba shi da ko kwabo, kuɗin duka ya tafi asusun ba ɗalibai rance na NELFUND. Ma'ana a daina gina jami'a, a koma ba ɗalibi bashi ya biya kuɗin makarantar da ba a gyarawa. ASUU ta ce ba ta yarda ba, gwamnoni suka sa baki, aka je zauren sauraron ra'ayin jama'a aka yi ta fafatawa. Da aka sa wa dokar hannu a Yunin 2025, TETFund yana nan, an bar masa rabin sabon harajin raya ƙasa. Ina da ƙorafi a kan yawan yajin aikin ASUU. Wata takwas da ɗalibai suka yi a gida a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, asara ce da ba a mayar wa kowa ba. Amma a wannan karon sun karanta ƙudurin, sun gano sashen da aka ɓoye wuƙar, sun yi magana kafin a yanka.

Firamare ba ta da mai yi mata wannan aiki. Jami'a tana da farfesoshi da 'yan jarida ke ɗaukar wayarsu. Yaro ɗan aji uku ba ya zaɓe, ba ya yajin aiki, uwarsa ba ta san ranar da ake kare kasafi a majalisar jiha ba. Ko a Abuja, a ƙarƙashin hancin gwamnati, malaman firamare sun yi sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, makarantu a rufe, kuma sai da aka daɗe kafin abin ya dami manya. In haka ta faru a babban birni, ina ga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina?

Shi ya sa maganata ta yau da ku nake yi, iyaye, da limamai, da masu unguwanni, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da 'yan kwamitin kula da makaranta na SBMC. Mun iya taruwa mu je gidan ɗan majalisa neman taki ko kujerar Makka ko gudummawar biki. Mu je masa da wannan. Kasafin jiha yana shiga majalisa ne a ƙarshen shekara, kuma yawancin jihohi yanzu suna wallafa rahoton abin da suka kashe duk bayan wata uku a intanet. A samu matashi ɗaya a unguwa da ya iya duba shi, ya karanto wa jama'a a majalisar bayan sallar isha'i. A tambayi hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ko jiharmu ta biya kasonta na UBEC na bara da na bana. A ƙirga malaman da suka yi ritaya ko suka rasu a makarantar unguwa cikin shekara biyar, a ƙirga waɗanda aka kawo a madadinsu, a rubuta, a kai wa shugaban ƙaramar hukuma da sa hannun mai unguwa. Malamanmu na addini, da kuke da mumbari kowace Juma'a, haƙƙin yaran nan amana ce, kuma ta cancanci huɗuba.

Ga 'yan majalisarmu na tarayya kuwa, musamman na Arewa da kuka fi kowa yawan yaran da ba sa makaranta a mazaɓunku: an sha kawo ƙudurin ƙara kashi 2 na UBEC, yana shiga yana maƙalewa. Ku fito da shi ku ƙarasa. Ku sa a doka cewa duk ranar da za a sake fasalin kasafi saboda kuɗin shiga ya ragu, ba za a taɓa kason ilimin farko ba sai an gama da tafiye-tafiye da motoci da gyaran ofisoshi. Kasafi kuma in ya zo gabanku da kashi 6, kuna da ikon da tsarin mulki ya ba ku na ku mayar da shi sama kafin ku amince. Za mu bi yadda kowannenku ya yi, kuma za mu karanto sunaye a wannan fili.